Kujera da rumfa a tsakar gida: a fara duba ƙasa kafin a kafa

A damanar da ta gabata, ranar sunan ɗan ƙanena a wata unguwa ta Maraɗi, an kwana ana ruwa. Da asuba samari suka jera kujerun haya a ƙofar gida, jama'a suka fara taruwa domin addu'a. Kawunmu, dattijo mai jiki, ya iso aka tarbe shi, aka nuna masa kujerar gaba. Zamansa ke da wuya sai ƙafar baya ɗaya ta nutse cikin jiƙaƙƙen rairayi, ya tafi da baya, ya kai hannu zai dafa ƙasa. Muka ruga muna "Sannu Kawu, sannu!", amma aikin gama ya gama, domin wuyan hannunsa na dama ya karye. Ga shi manomi, ga shi lokacin maimai, sai da ya biya ƴan ƙwadago suka ƙarasa masa gonar gero.

Nan take wasu suka ɗora laifin a kan mai hayar kujeru. Da na ɗaga kujerar na juya ta sai na tarar lafiyarta lau, babu tsaga babu lanƙwasa. Wurin da aka ajiye ta ne bai dace ba. Tun daga ranar nake lura da yadda muke kafa kujeru, tebura, gadaje da rumfuna a waje, kuma abin da na gani shi ne muna tsayawa ciniki a kan kaya, amma ba mu duba inda za su tsaya.

Rairayi da laka

Mu a nan ƙasar Nijar rabin rayuwarmu a waje take. Lokacin bazara kwana a tsakar gida ake yi, hira a ƙofar gida, ga kuma fadojin samari da suka yaɗu a biranenmu tun shekarun 1990, inda ake zama a sha shayi har dare. To amma ƙasar da ake zaman a kanta ba iri ɗaya ba ce. Maraɗi kanta misali ce. Tsohon garin a kwarin Gulbi yake, sai da ambaliyar shekarar 1945 ta rushe shi sannan aka hau tudu. Saboda haka har yanzu wanda ke kan tudu rairayi yake takawa, wanda ke kusa da fadama kuwa da laka yake fama.

A kan rairayi matsalar ita ce nutsewa, kuma lissafinta ba shi da wuya. Ɗauki mutum mai nauyin kilo 80 a kan kujerar ƙarfe irin mai saƙar igiyar roba, wadda faɗin bututun ƙafarta bai wuce santimita 2 da rabi ba. Duk nauyinsa yana sauka ne a kan ƴan wurare huɗu da kowanne bai fi bakin kwalba ba. In kuma bakin bututun a buɗe yake, to yanka ƙasa zai yi kamar wuƙa. Amma in aka sa ɗan katako mai santimita 10 tsawo da faɗi a ƙarƙashin kowace ƙafa, nauyin zai bazu a fili wanda ya ninka na farko kusan sau 20. Wannan ne dalilin da ya sa ƙafar raƙumi ba ta nutsewa inda ta jaki ke nutsewa.

Don haka duk wanda zai ba mai walda aikin kujera ko benci na waje, ya ce a liƙa masa ɗan faifan ƙarfe a ƙasan kowace ƙafa, ko kuma a haɗa ƙafafu biyu biyu da miƙaƙƙen ƙarfe a kwance. Kuɗin da za a ƙara kaɗan ne. A wurin taro kuma, inda ba a iya bin kujeru ɗari da katako, a share rairayin sama mai laushi, a yayyafa ruwa a daddaɓe tun jajibiri, sannan babban mutum ya gwada zama a kan kujerun dattawa kafin su iso.

Laka kuma halinta daban. Da rani tana da tauri kamar dutse har ta tsage, da damana ta sha ruwa ta kumbura ta yi santsi. Teburin da aka daidaita a watan Afrilu, a watan Agusta sai a tarar ya karkace. A irin wannan wuri gara a zuba tsakuwa ko jar ƙasa mai kaurin yatsu huɗu zuwa biyar, a daɓe ta sosai, ta ɗan fi sauran tsakar gida tudu yadda ruwa ba zai kwanta ba.

Daɓe, siminti da dutse

Iyayenmu mata sun san wannan tun da daɗewa. Daɓen gargajiya, wanda suke taruwa su yi da maɓuɓɓugai har su shafe shi da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, yana ɗaukar gado da kujera ba tare da matsala ba. Abin da ba ya so shi ne jan ƙafar ƙarfe a kansa, domin da zarar fatarsa ta ƙwarzane ruwa zai samu hanya. A ɗaga kaya, kar a ja, kuma a ɗaura wa ƙafafun guntuwar robar taya.

Masu hali da suka shafe tsakar gida da siminti ko suka shimfiɗa tayil suna ganin sun huta, alhali a nan ne kujerar roba ta fi kayar da mutane. A kan wuri mai santsi ƙafafunta ba su da abin kamawa, sai su buɗe waje ɗaya bayan ɗaya har ɗaya ta karye, musamman in mutum ya jingina da baya ya ɗaga ƙafafun gaba. Ga kuma rana. Zafin ranarmu yana cinye robar a hankali, launinta ya koɗe, ta yi fari fari kamar an barbaɗa mata gari, daga nan ta zama mai saurin tsagewa. Kujerar da ta kai wannan hali a daina ba baƙo ita. Ɗora biyu a haɗe da ake yi wa masu jiki yana taimakawa, amma tabarma ko darduma a ƙarƙashi ta fi hana zamewa.

Wanda zai zuba siminti ya tuna wa magini ya ba shi ɗan gangare, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, zuwa wajen magudanar ruwa. In ruwa na kwanciya a gindin ƙafar ƙarfe, tsatsa ta ciki take farawa, fenti na waje yana ƙyalli har ranar da ƙafar za ta ɓalle.

A Damagaram da wasu sassan Adar, inda dutse ke kusa da fuskar ƙasa, kaya ba su nutsewa, sai dai su yi ta rawa. A nan ya kamata a san cewa abu mai ƙafa uku ba ya rawa ko a ina aka ajiye shi, kamar yadda tukunya ke zama daram a kan murhu. Mai ƙafa huɗu kuwa sai an sa wa gajerar ƙafar abin tokara. A sa falalen dutse ko katako, kar a sa kwali ko ɓallin bulo, domin kwali ruwa ke jiƙa shi, bulo kuma marmashewa yake yi.

Haɗa kayan kwali

Yanzu akwai tebura da kujeru da ake shigowa da su a wargaje cikin kwali, a haɗa da noti. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa su a kan rairayi, da kuma ɗaure noti na farko tamau kafin a sa na biyu. Ƙananan notina suna ɓacewa cikin ƙasa, ramukan kuma su ƙi haɗuwa. A shimfiɗa tabarma a wuri mai daidai, a ƙirga kayan, a sa dukkan notina sako sako, a tsayar da teburin a kan ƙafafunsa, sannan a bi su da sufana ana ɗaurewa kusurwa da kusurwa. Bayan mako biyu a sake bi, domin suna sassautawa.

Gara da iska

Duk katakon da ya taɓa ƙasa kai tsaye abincin gara ne. Azarar giginya tana jure mata, shi ya sa magabata suka yi rufin soraye da ita, amma farin katako na kasuwa damana ɗaya ta ishe shi. A ɗora ƙafafun gado da benci a kan dutse, a riƙa ɗagawa ana dubawa ko gara ta fara gina hanyarta. Masu shafa baƙin man inji su tsaya a gindin dirka kawai, kuma su nisanta shi daga rijiya da inda yara ke wasa, domin guba ne.

Rumfa ita ce ta fi haɗari. Hadarinmu daga gabas yakan taso, da guguwar ƙura a gabansa, kuma kwanon rufin da iska ta ɗauka ba ya zaɓen wanda zai sara. Dirka ta shiga ƙasa aƙalla santimita 50 zuwa 60, a rairayi ma fiye da haka, a cika ramin da tsakuwa ana dannawa. Turakun tantin biki da ake bugawa a rairayi ba su riƙe komai, gara a ɗaura igiyar a jikin buhun ƙasa ko guntun icce a binne shi a kwance. A kan siminti kuwa, inda ba a iya haƙa, a ɗaure kowace ƙafa da nauyi na gaske. In kuma gabas ta yi baƙi, a sauke tanti a shigar da jama'a ciki, ko da ana tsakiyar walima.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kawunmu ya warke, sai dai har yau in ya je taro yakan dafa kujera ya girgiza ta kafin ya zauna, yara suna dariya. Ni kam na daina dariya, haka nake yi wa duk kujerar da zan ba babba. Ga damana tana ƙaratowa, ga bukukuwa ba su ƙarewa, sai masu gida da masu hayar kaya su zagaya su duba ƙafafun kayansu tun kafin ruwan farko. Allah Ya kiyaye mu, Ya ba mu damana mai albarka.