Dutsen Kamaru Mai Aman Wuta da Gandun Dajinsa

A kudu maso yammacin ƙasar Kamaru, dab da bakin teku, akwai wani dutse wanda babu mai tsawonsa a Afirka ta Yamma. Tsawonsa ya haura ƙafa 13,000, watau mita 4,000 da 'yan kai. Kabilar Bakweri da ke zaune a gindinsa suna kiran ƙololuwarsa Fako. Dutsen nan yana aman wuta, har wa yau kuwa bai mutu ba. Da ya ke 'yan kasuwa da makiyaya na ƙasashen Hausa ba su rabuwa da zirga-zirga a Kamaru, ya kamata Hakimai da malamansu su san labarinsa sosai, domin su iya wayar da kan talakawa.

Dalilin Aman Wuta

Masana sun tabbatar cikin ƙasa akwai zafi mai tsanani, yana kuwa ƙaruwa gwargwadon zurfi. A waɗansu wurare zafin kan narkar da dutse. Narkakken dutse bai kai sandararre nauyi ba, saboda haka sai ya riƙa tasowa sannu a hankali, yana bin tsagogi. A cikinsa akwai iska da tururi a matse. In ya kusa fitowa sarari sai iskar ta kumbura ta yi waje da shi, kamar yadda talge kan yi tsartuwa a bakin tukunya in wuta ta yi yawa. Zafinsa ya wuce digiri 1,000, alhali ruwa a digiri 100 ya ke tafasa. In ya huce sai ya zama baƙin dutse. Da irin wannan amai, wani bisa wani, aka gina Dutsen Kamaru tun daga gindi har kai.

Dutsen ba shi kaɗai ba ne. Yana cikin wani jerin duwatsu da ya faro daga tsibiran cikin teku, kamar su Biyoko, ya ratso ta tuddan Bamenda da Adamawa. Masana suna lissafa tudun Biu na ƙasar Barno cikin wannan jeri. Tabkin Tila na kusa da Biu bakin wani tsohon dutsen wuta ne da ruwa ya cika.

Tarihin Amansa

A shekarar 1909 dutsen ya yi amai, ƙasa ta yi ta girgiza, har Jamusawa masu mulkin ƙasar a lokacin suka tashi daga hedkwatarsu ta Buea suka koma Duwala. A 1922 narkakken dutse ya gangara yamma, ya cinye gonaki, ya faɗa teku kusa da Bibundi. Ya sake amai a 1954 da 1959, zamanin da a ke mulkin Kamaru ta Kudu tare da Nijeriya, kafin ta haɗe da Jamhuriyar Kamaru a 1961. Na 1959 ya tsaya kusa da garin Ekona. Sai kuma 1982, da 1999, da 2000.

Aman 1999 ya fara ran 28 ga watan Maris. Girgizar ƙasa ta tsattsage gidaje a Buea. Narkakken dutse ya yi makonni yana gangarowa, har ya datse hanyar mota ta Limbe zuwa Idenau kusa da ƙauyen Bakingili, kana ya tsaya kaɗan kafin teku. Da ya ke tafiyar hawainiya ya yi, hukuma ta sami damar kwashe mutanen ƙauyen.

Mai karatu ya iya tambaya, me ya zaunar da mutane a gindin wuta? Amsa ita ce noma. Toka da baƙin dutse in sun daɗe su kan ruɓe su zama ƙasa mai albarka ƙwarai. Ga kuma ruwa: a Debundsha, yamma da dutsen, a kan sami ruwan sama kamar inci 400 a shekara, alhali Kano wajen inci 35 ta saba samu. Don haka ne aka yi manyan gonakin ayaba da roba da kwakwar manja da ganyen shayi kewaye da shi.

Gandun Daji da Hawan Dutse

A 2009 Gwamnatin Kamaru ta keɓe dutsen ya zama gandun daji na ƙasa, mai faɗin hekta 58,000 da ɗoriya. An hana farauta da saran itace a ciki. Akwai giwayen kurmi, da birai iri iri, da wata fakara wadda ba a samunta ko'ina a duniya sai a wannan dutse.

Galibi daga Buea a ke fara hawa, da rani, tsakanin Nuwamba da Maris. Wajibi ne baƙo ya nemi izni, ya biya kuɗin shiga, ya ɗauki ja-gora da 'yan dako. Akwai zango uku a hanya, tafiyar kuwa ta kan ci kwana biyu ko uku, hawa da sauka. Da fari mutum zai ratsa kurmi mai duhu, sa'an nan fili mai ciyawa, daga nan sai baƙin dutse tsantsa da ramuka inda wuta ta fito. A can bisa sanyi ya fi na hunturun Jos nesa ba kusa ba, numfashi kuma ya kan yi wuya. Sai a tafi da bargo da takalmi mai ƙarfi da isasshen ruwa. Kada a ratse daga hanya, kada kuma a shiga ramin da ke warin farar wuta. Tun daga 2016 lardin ya sha fama da rigingimu, saboda haka sai a binciki lafiyar hanya tukuna.

Abin da ya Faru a Tabkin Nyos

Ba wuta kaɗai ce abin tsoro ba. A tuddan Bamenda, ba nisa da iyakar Nijeriya, akwai Tabkin Nyos, shi ma bakin tsohon dutsen wuta ne. Wata iska da a ke kira kabon dayoksaid ta daɗe tana tsattsafowa daga ƙasa tana taruwa a ƙarƙashin ruwansa. Daren 21 ga watan Agusta 1986 sai ta ɓalle gaba ɗaya. Da ya ke ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta bi kwaruruka tana shaƙe duk mai rai. Mutum fiye da 1,700 suka rasu, da shanu kamar 3,500, yawancin shanun na Fulani ne. Waɗanda su ke kan tudu da yawa sun tsira. Daga 2001 aka fara kafa bututu cikin tabkin don fid da iskar kaɗan kaɗan. A Nijeriya kuma an gina madatsar Kashimbila a kan kogin Katsina Ala, don tare ambaliya in gaɓar tabkin ta fashe.

Abin da a ke Bukata ga Hakimai

Na farko, a gaya wa masu zuwa waɗannan wurare cewa in sun ga tsuntsaye da dabbobi suna faɗuwa a kwari ba dalili, su hau tudu nan da nan, kada su tsaya kwasar kaya. In hukuma ta ce a tashi, a tashi.

Na biyu, a kwantar da hankalin jama'a. Duwatsun Biu da na Panyam a tudun Jos ba a taɓa rubuta amansu cikin tarihi ba.

Na uku, in Dagaci ya kawo labarin girgiza, ko tsagewar ƙasa, ko hayaƙi daga dutse, kada a bar shi ya zama jita-jitar kasuwa. Malami ya rubuta rana da sa'a da wuri da abin da aka gani, Hakimi ya aika wa Majalisar Sarki da ƙaramar hukuma, domin a turo masanan ƙasa na Gwamnati su duba. Rigakafi ya fi magani.