Butiyaba, Garin Masuntan da Ya Shiga Fim

Tun da asuba kwale-kwale ke dawowa gaɓar Butiyaba, wani garin masunta a bakin Tafkin Albert da ke yammacin Yuganda. Tsallaken ruwa duwatsun Kwango ne. Maza na sauke giwan ruwa da karfasa, mata na shanya ƙananan kifin da aka kamo da hasken fitila cikin dare.

Nan darakta John Huston ya sauka da tawagarsa a 1951 don ɗaukar wani sashe na fim ɗin The African Queen, wanda aka ciro daga littafin C. S. Forester na 1935. Labarin wani mashayin matuƙin jirgin ruwa ne da wata 'yar mishan, da suka bi kogi don su nutsar da jirgin yaƙin Jamusawa a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Humphrey Bogart da Katharine Hepburn ne taurarin. A kusa da garin aka gina ƙauye sukutum har da coci, sannan aka banka masa wuta a gaban kyamara.

Tawagar ta yi masauki a wani jirgin ruwa mai suna Lugard II, sunan Gwamna Luggan nan dai da Arewa ta sani. Ruwan sha ya kwantar da kusan kowa da ciwon ciki, har sai da aka ajiye wa Hepburn bokitin amai a gefe tana cikin wasa. Bogart da Huston, da suka fi kusantar barasa, sun tsira, kuma da wannan fim Bogart ya ci kyautar Oscar ɗaya tilo a rayuwarsa.

A wancan zamani Butiyaba babbar tashar jiragen ruwa ce, ana dakon auduga da fasinja. A nan ma jirgin saman marubuci Ernest Hemingway ya kama da wuta a 1954. Ambaliyar farkon shekarun 1960 ce ta durƙusar da tashar.

Ruwan bai daina ba. A 2020 tafkin ya sake cikowa, ya ci gidaje da asibiti, iyalai suka koma kan tudu. Yanzu ana aikin haƙar man fetur a gundumar Bulisa, inda garin yake, kuma masuntan da suka jure duk wannan sun cancanci a fara da su wajen rabon amfaninsa.