Jinyar Sauƙaƙawa Tun da Wuri ga Mai Dajin Ƙashi da Tsoka: Nazari daga Ƙasar Babura

Gabatarwa

Bahaushe ya raba hidimar marar lafiya gida biyu, ya ba kowace sunanta. Akwai magani, akwai kuma jinya. Magani shi ne abin da a ke fata ya kori cuta. Jinya kuwa ita ce ɗawainiyar da a ke yi da mutum muddin yana kwance, ko cutar mai warkewa ce ko ba mai warkewa ba ce. Likitancin zamani ya daɗe yana ba magani ƙarfi, sai daga baya ya waiwayi jinya ya mai da ita fanni mai zaman kansa. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana wannan fanni, wanda za mu kira jinyar sauƙaƙawa, ta kuma nuna dalilin da ya sa ya kamata a fara ta da wuri ga mai irin dajin da likitoci ke kira sarkoma. Za mu auna maganar da zaman mutanen Babura da maƙwabtansu na Kazaure da Roni da Gwiwa, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa.

Mene ne Sarkoma

Asalin kalmar daga Girkanci ne, ma'anarta tsoka. Ana nufin dajin da ya ke tasowa daga ƙashi, ko tsoka, ko kitse, ko guringuntsi, ko jijiyoyin jini. Ire-irensa sun haura 70, amma duk da haka bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na dajin manya ba. Ga yara da samari ne rabonsa ya fi girma. Wani irinsa ya kan kama ƙashin da ke kusa da gwiwa a lokacin da yaro ke tsakiyar girma. Wani kuma James Ewing ne ya siffanta shi a 1921, har yau da sunansa a ke kiransa. Akwai kuma na fata wanda Moritz Kaposi ya bayyana a 1872, wanda ya yawaita tare da cutar ƙanjamau.

Mugun halin wannan ciwo shi ne ya kan fara a ɓoye. Mutum ya ga ɗan ƙulli a cinya wanda ba ya zafi, ko yaro ya riƙa kukan gwiwa da dare a ce faɗuwa ya yi wajen ƙwallo. Kafin a farga, ƙari ya girma, 'ya'yansa kuma sun bi jini sun sauka a huhu, gama can ne suka fi zuwa. In ciwo ya kai wannan matsayi an ce ya yi nisa. Ga dajin tsoka da ya bazu, ko a ƙasashen da magani ya wadata, rabin masu shi ba su kan wuce shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi ba. Maganin da a kan fara da shi, mai suna doxorubicin, ya kan rage ƙarin ga kaɗan daga cikinsu, ya tsai da shi na ɗan lokaci ga waɗansu, ba safai ya kan kawar da shi ba.

Hanyar Marar Lafiya daga Babura

Wanda ƙashinsa ya kumbura a ƙauyukan wannan yanki, wurin maɗori ya kan fara zuwa, domin maɗori na kusa, kuma an san aikinsa a kan karaya da targaɗe. In kumburin tsoka ne sai a nemi wanzami ya yi ƙaho ko sakiya, bisa zaton ruwa ne ya taru. Ga kuma maganar nan da ta bazu a ƙasar Hausa, wai daji ba ya son allura. Saboda haka watanni su kan shuɗe kafin a isa Babban Asibitin Babura ko na Kazaure. Daga nan sai a tura mutum Kano, ko dai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda za a yanki ɗan nama a duba. In ana bukatar gashi da na'ura, tafiyar ta kan kai har Shika ta Zariya ko Sakkwato.

Kowane zango a wannan hanya kuɗi ne: na mota, na gwaji, na abincin mai jinya. A sayar da tunkiya, a sayar da riɗin bana, wani lokaci a jinginar da gona. In kuma likita ya ambaci yanke ƙafa, iyali da yawa su kan ɗauke marar lafiyarsu su koma gida. To, a nan ne babbar asara ta ke, gama sun bar maganin da suke tsoro, sun kuma bar sauƙin da za su iya samu ba tare da shi ba, don ba wanda ya gaya musu abubuwa biyu ne dabam.

Asalin Jinyar Sauƙaƙawa

Wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ita ce ta kafa gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967. Ta koyar da cewa azabar mai ciwon ajali iri huɗu ce a haɗe: ta jiki, ta zuciya, ta zaman iyali, da ta ruhi. Wanda ke tunanin wa zai riƙe 'ya'yansa, zafin ƙashinsa ya kan ninku. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin maganin zafi mai hawa uku, a 2014 kuma babban taronta ya zartar da cewa wannan jinya wani ɓangare ne na aikin lafiya da ya wajaba a kan kowace ƙasa. A Afirka, Likita Anne Merriman ta fara aikin a Yuganda a 1993 da ruwan mofin mai araha wanda a ke sha a gida. A Nijeriya kuwa Farfesa Olaitan Soyannwo ce ta ja gaba, har aka buɗe sashen a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2007. Duk da haka lissafin Hukumar na 2020 ya nuna mutum miliyan 56.8 ke bukatar wannan jinya kowace shekara, kimanin kashi 14 cikin 100 kaɗai ke samu.

Amfanin Farawa da Wuri

Da can a kan jira sai an ce babu sauran dabara kana a kira masu wannan aiki. Abin da ya sauya tunanin likitoci shi ne binciken Jennifer Temel da abokan aikinta a Boston ta Amurka, wanda aka buga a 2010. Sun raba mutum 151 masu dajin huhu da ya bazu kashi biyu. Kashi ɗaya aka ba su magani kamar yadda aka saba, ɗayan kuma aka haɗa musu da jinyar sauƙaƙawa tun daga farko. Waɗannan na biyu suka fi jin daɗin rayuwa. Masu alamun ƙuncin zuciya a cikinsu kashi 16 ne cikin 100, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 38 ne. Matsakaicin kwanansu kuma ya kai wata 11.6, na sauran wata 8.9. Bisa ga wannan da irinsa, ƙungiyar likitocin daji ta Amurka ta ba da shawara a fara wannan jinya cikin mako 8 da gane cewa daji ya yi nisa, kowane iri ne.

Mai sarkoma ya fi kowa cancantar wannan shawara. Sau da yawa matashi ne, zafin ƙashi yana cikin mafi tsananin zafi, kuma ciwon ya kan taɓa gaɓar da ya ke nema da ita. Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi: zafin da aka tare da wuri ya fi sauƙin riƙewa bisa ga wanda ya daɗe yana cin mutum.

Abin da A ke Yi

Na farko, zafi. A kan fara da farasitamol da danginsa, in bai isa ba a hau zuwa mai matsakaicin ƙarfi, sa'an nan mofin. Ka'idar ita ce a sha ta baki, a kan lokaci, bayan kowane awa 4, ba a jira sai zafi ya dawo. A kan haɗa da maganin taurin ciki, gama mofin na kawo shi. Tun da Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, mutane sun ƙara tsoron irin waɗannan magunguna. Ya kamata a bambanta. Mofin da likita ya auna wa mai dajin ƙashi ba shaye-shaye ba ne, kuma in an bi ka'ida ba ya gaggauta ajali.

Na biyu, sauran wahalhalu. Gyambon ƙari da ya fashe ya kan yi wari har ya kori masu dubiya. Wanki da ruwan gishiri da barbaɗa garin metronidazole su kan rage shi ƙwarai. Mofin kaɗan na sauƙaƙa sarƙewar numfashi in ciwo ya kai huhu. Gashi sau ɗaya tak ya kan rage zafin ƙashi. Wani lokaci ma yanke gaɓar da ta ruɓe sauƙi ne, ko da ba zai warkar ba.

Na uku, magana. Wannan shi ne ya fi shafar masu nazarin Hausa. An hori Bahaushe da dauriya, ana kuma kushe raki. Ka tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi, ko da bai runtsa ba. Saboda haka awon daɗin rayuwa da Turawa suka tsara, kamar mai tambaya 30 da aka fitar a 1993, ba zai yi amfani a Gwiwa ko Roni ba sai an zuba shi cikin zaman mutane. A tambaya: Ka yi barci jiya? Kana iya alwala da kanka? A tsaye ka ke salla ko a zaune? Kunu kaɗai ki ke sha, ko kina taɓa tuwo? Yaushe rabonki da fita tsakar gida? Amsar waɗannan ta fi "da sauƙi" faɗin gaskiya.

Haka nan sanar da hali. A al'adarmu likita ya kan gaya wa uba ko yaya, su kuwa su ɓoye wa mai ciwo don tausayi. Amma wanda aka ɓoye wa ya rasa damar yin wasiyya, da biyan bashi, da neman gafarar waɗanda suka saɓa. Hanya mai kyau ita ce a tambaye shi iyakar abin da ya ke so ya sani, da wanda ya ke so ya zauna tare da shi sa'ad da za a faɗa, a kuma yi maganar kaɗan-kaɗan. Wannan ba ya yiwuwa a rana ɗaya, shi ya sa a ke son a fara da wuri.

Kammalawa

Ƙasar Babura ba ta rasa masu jinya ba. Uwa da mata da ƙanne suna kwana a gefen tabarma, maƙwabta na zuwa dubiya, liman na zuwa addu'a. Abin da ya rage shi ne a kawo ilmi da magani kusa da su: a horar da ma'aikatan asibitocin yanki, a tanadi ruwan mofin bisa tsaro don kada mutum ya tafi Kano saboda kwalba ɗaya, a kuma jawo maɗora da wanzamai su riƙa tura duk ƙullin da ke girma, ko ya wuce ƙwan kaza, ko ya ƙi jin ɗori. Aikin masana harshe kuwa shi ne su samar da kalmomin da likita zai ce wa iyali ciwo ba zai warke ba, ba tare da sun ji an sallame su ba.