Ajalin Banki da Ajalin Gawo

Tun da Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamba na 2024, duk mai niyyar raya gonar da ta gaji, ko gina gidaje masu rangwame a bayan gari, ya sakankance cewa ƙofar banki ba tasa ba ce, domin idan bankunan kasuwa suka ɗora nasu a kai, ruwan yakan kai talatin ko ya haura. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da jama'a suka karkata ga sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, da wakafi, da asusun ƙungiyoyi. Sai dai masu ɗora laifin duka a kan tsadar ruwa sun gajarta bincike, gama ko da an mayar da shi rabi gobe, banki ba zai dace da wannan aiki ba, sabili da illoli biyu da suka riga tsadar zuwa, wato ajali da mallaka.

Kuɗin da ke hannun banki ajiyar mutane ce wadda za su iya nema a kowace safiya, don haka ba ya sakinta sai ga mai mayarwa cikin watanni, alhali gawo da aka bari a gona sai ya shekara da shekaru kafin ganyensa ya takinta ƙasa har gero ya nuna bambanci. Mallaka kuma ta fi wannan wuya. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, galibin gonakinmu kuwa na gado ne, shaidarsu dagaci da maƙwabtan iyaka, ba takardar da banki zai karɓa jingina. Gidan tubali ma, kome ƙwarewar maginin da ya ɗaura bakansa, mai ƙiyasin banki ba ya ganinsa dukiya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina tana Maraɗi da Damagaram. Daga 1983, lokacin da wani mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoma su bar tohon kututture su gyara shi maimakon sarewa, abin da ake kira sassaben zamani, an raya kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, kuma aka yi haka ba da bashin banki ba, bal da yaƙinin da manomi ya samu cewa icen da ya rena nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara a kansa ba. A ƙasar Maraɗin nan kuma aka kafa Mata Masu Dubara a 1991, asusun da mata ke zubi kowane mako suna ba juna rance, wanda yanzu ake kwaikwayonsa a ƙasashe da yawa. Fuƙaha'un Malikiyya, Allah Ya saka musu, sun riga mu fahimtar batun ajali da mallaka, da suka halatta mugarasa: mai fili ya ba mai dashe, idan itatuwa suka kai haddin da aka ƙayyade, su raba ƙasa da itatuwan bisa sharaɗi. Mu'amala ce wadda ladanta ke jiran ice ya girma, kamar yadda musharaka mai raguwa ke barin magidanci ya sayi gidansa kashi-kashi yana zaune a ciki.

Akwai masu cewa waɗannan hanyoyi ƙanana ne, ba za su tare hamada ba sai da kuɗin waje. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin asusun mata ba zai gina madatsar ruwa ba. Amma a Janairun 2021 an yi wa shirin Babbar Ganuwar Itatuwa alkawarin fiye da dala biliyan 14 a Faris, bayan rahoton 2020 ya nuna kashi 4 cikin ɗari kawai na burin shirin aka cim ma, kuma har yau ƙasashen da ke cikin shirin suna kukan jinkirin isowar kuɗin. Cinikin iskar da itatuwa ke shanyewa kuwa, dillalansa da masu awonsa sukan ɗebi rabonsu tun manomi bai ga ko sisi ba.

Abin takaici shi ne, sukuk ɗin Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara da naira biliyan 100 a 2017 kuma jama'a suka yi rububinsa, kusan dukkansa a kan hanyoyi da gadoji ya ƙare. Ina kira ga gwamnonin Arewa da hukumomin zakka da wakafi su fara da abin da ke hannunsu: a sauƙaƙa wa manomi takardar gonarsa, a rubuta mugarasa cikin dokar jiha yadda alƙali zai hukunta da ita, sa'an nan a ware wani kaso na sukuk domin raya ƙasa da gidajen talakawa.