Saƙon Kwamfuta Ta Rediyo, Daga Birni Zuwa Mirya

In ka bar Zinder ka nufi Tanut, akwai inda wayar salula ke ɗaukewa ɗif. A irin wurin nan nake ganin amfanin wata tsohuwar fasaha da masu sha'awar rediyo suka fara gwadawa a Kanada a 1978. Kwamfuta ce ke yanka rubutu gunduwa-gunduwa, rediyo ya tura, kowace gunduwa ɗauke da lambar kiran mai aikawa. Ƙa'idar tafiyar sunanta AX.25, lambobin kiran Nijar kuma da 5U suke farawa.

Da can sai ka sayi wani akwati, TNC, ka haɗa tsakanin kwamfuta da rediyo. Yanzu Dire Wolf, manhajar kyauta, tana yin aikin da katin sautin kwamfuta. Ko ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi a kan batirin sola ta ishe ta. Ga sabon shiga, Dire Wolf zan zaɓa.

Mai son kafa tashar da za ta karɓi saƙo ta miƙa gaba, a ce eriya bisa duwatsun unguwar Birni a Zinder tana fuskantar garin Mirya, sai ya ɗora manhajar LinBPQ ta John Wiseman. JNOS, jikanyar manhajar Phil Karn, ta iya yaren intanet sosai, sai dai saitinta sai mai haƙuri. Winlink kuwa ta imel ce.

Gudun fa? Bit 1200 a daƙiƙa a zangon VHF, 300 a gajeren zango. Gajeriyar wasiƙa takan wuce, hoto kam a haƙura. Sai da lasisin hukuma ake kunna na'urar aikawa, kuma an hana kasuwanci a kanta, don haka ɗan kasuwar Dole ta Zinder ba zai yi cinikin gero ta nan ba.