Ko Ka Sani? Gara Makauniya Ce, Amma Ba Ta Ɓata a Lungunan Suri

A cocin Chartres da ke Faransa akwai wata hanya da aka shimfiɗa da duwatsu a daɓe tun wajajen shekarar 1200. Faɗin da'irarta bai kai mita 13 ba, amma ta yi ta naɗewa har tsawonta ya haura mita 260. Mutum kan bi ta sannu a hankali, yana tunani ko addu'a, har ya isa tsakiya. Yau wasu a Turai da Amurka suna jera duwatsu a bayan gida su yi irinta, don neman natsuwa.

In dai hanya mai lauje-lauje ake nema, mutumin Minna ba sai ya je Faransa ba. Ya ɗauki hanyar Bida ta wajen Gidan Kwano, ya dubi jajayen surin da ke tsaye a gonaki, wani ma ya fi mutum tsayi. Duk wanda ya taɓa sa diga ya fasa ɗaya ya san cikinsa ramuka ne kan ramuka, wani ya shige wani. Masu ginin kuwa, ma'aikatan gara, ba su da ido ko ɗaya. Da ƙanshi suke tafiya: ta gaba tana goga wani sinadari daga ƙarƙashin cikinta, na baya suna bin sawun. Ba mai zane, ba shugaban magina. Kowace ta kawo ɗan ƙullin laka da ta jiƙa da yawu, ta manna kusa da na 'yar'uwarta.

To ramukan na mene ne? Yawancin garar ba a saman suri take zaune ba, tana can ƙasa tare da gonarta. E, gona. Irin wannan babbar garar, wadda masana ke kira Macrotermes, tana noma wani irin fumfuna, dangin naman kaza. Ta kwaso busasshiyar ciyawa da itace, ta tauna, ta tara, fumfunan ya narkar mata da su ta samu abinci. Shi kuma ɗan gata ne, ba ya son ɗumi ya yi nisa da digiri 30, alhali a watan Maris zafin Minna kan doshi 40. Ga kuma numfashin dubun-dubatar gara a rufe. Nan lungunan ke aiki. Da rana ta gasa bangon waje, iskar ramukan gefe sai ta yi ɗumi ta hau sama, ta sauko ta tsakiya, gurɓatacciyar tana fita ta ƙananan hudojin bango. Ashe suri huhu ne.

Wannan dabarar ce ta ja hankalin Mick Pearce, wanda ya zana ginin Eastgate a Harare, aka buɗe a 1996, gini mai sanyaya kansa ba tare da manyan na'urorin sanyi ba. Mu kuwa sai dai mu rushe suri mu kwashi ƙasarsa, ko mu kauce masa da magariba don gudun aljanu.

Can ƙasan suri kuma akwai ɗaki mai taurin bango inda sarauniyar gara ke kwance da mijinta. Ta kumbura har ƙofofin sun yi mata kaɗan, ba ta sake fita har abada, aikinta zuba ƙwai, fiye da 20,000 a yini. Shingen da yara ke tara wa kwanon ruwa a ƙarƙashin fitila a Bosso ko Chanchaga idan ruwan farko ya sauka, a soya da gishiri, 'ya'yanta ne masu fuka-fuki, kuma su suna da ido. Cikin dubbai, kaɗan ne ke tsira daga tsuntsu da ƙadangare da kasko, su karkaɗe fuka-fukan, mace da namiji su tona rami su fara sabon gida.