Yadda tausayin kifi ke lalata tafkunan gona a Amurka

A kudancin Amurka, manoma da dama na da ɗan tafki a gonakinsu, inda suke kiwon kifin bas mai faɗin baki domin nishaɗin kamun ƙugiya. Sai dai yawancinsu kuka ɗaya suke yi: kifin ya yi yawa, amma duk ramammu ne, kai ya fi jiki girma.

Abin da ke jawo hakan shi ne ɗabi'ar mayar da duk kifin da aka kama cikin ruwa.

Shi bas kifi yake ci, kuma babban abincinsa a tafki shi ne wani ƙaramin kifi mai saurin hayayyafa da ake kira bulugil. Idan ba a rage bas ba, sai su cinye 'ya'yan bulugil tun suna ƙanana. Daga nan abinci ya ƙare, girmansu ya tsaya cak ƙasa da santimita 30.

Idan kuma aka kwashe bas fiye da kima, bulugil ne za su cika tafkin, su tsumbure, har su riƙa cinye ƙwayayen bas a sheƙa.

Masanin kifi Homer Swingle na Jami'ar Auburn da ke jihar Alabama ne ya fara nazarin wannan daidaito tun shekarun 1930. A rahotonsa na 1950, ya nuna cewa tafki ya fi lafiya idan nauyin kifayen da ake ci ya ninka na masu cin su sau uku zuwa shida. Shi ya sa aka saba zuba bulugil goma ga kowane bas ɗaya, a fara da bulugil, sai bayan watanni a kawo bas.

Hanyar gane halin da tafki ke ciki ita ce jan raga a bakin ruwa lokacin zafi. Idan aka ga 'ya'yan bas da na bulugil tare, da sauƙi. Idan bas sun cunkushe, magani shi ne a riƙa kai ƙananansu tukunya duk shekara.

Masu kiwon karfasa a Najeriya ma sun san irin wannan matsala, domin wasu kan zuba tarwada ta rage musu yawan 'ya'ya, sauran su samu girma.